Tambayoyi da Amsoshi Kan Sauya Awo: Daga Yadi Zuwa Mita, Daga Farenhait Zuwa Selsiyas

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da sana'arsu ke haɗa su da awo iri biyu a rana ɗaya, kamar tela da magini da manomi da direba da mai kiwon kaji, har da uwar da ke riƙe da ma'aunin zafi tana duba jikin ɗanta da tsakar dare. An fara da masu sauƙi, sannan aka gangara zuwa waɗanda suka fi rikita mutane.

Mene ne tsarin awo na mita, kuma daga ina ya fito?

Tsari ne da aka gina a kan goma-goma, inda ake awon tsawo da mita, nauyi da kilogiram, ruwa da sauran abubuwa masu zuba kuma da lita. A Faransa aka ƙirƙiro shi cikin shekarun 1790, lokacin da kusan kowane lardi ke da nasa mudun da nasa kamun, abin da ya sa ciniki tsakanin gari da gari ya zama wahala. Da farko an ɗauki mita a matsayin kashi ɗaya cikin miliyan goma na tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba duniya gida biyu. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita a birnin Faris, a 1960 kuma aka tsara shi yadda ake koyar da shi a makarantu yanzu.

Tun 1983 da gudun haske ake ƙayyade tsawon mita, shi kuwa kilogiram an ci gaba da gwada shi da wani dunƙulen ƙarfe da aka adana kusa da Faris har zuwa 2019, kafin aka koma ƙayyade shi da lissafin kimiyya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da ya taɓa sikelin mahauci ko tef ɗin tela. Kilon jiya shi ne kilon yau.

Me kalmomin kilo da santi da mili ke nufi?

Kilo na nufin dubu, santi kashi ɗaya cikin ɗari, mili kuma kashi ɗaya cikin dubu. Saboda haka kilomita ɗaya mita 1,000 ce, kilogiram ɗaya giram 1,000 ne, mita ɗaya santimita 100 ce ko milimita 1,000, lita ɗaya kuma mililita 1,000. Wanda ya riƙe waɗannan kalmomi uku ya gama da rabin aikin, domin sauya awo a cikin tsarin mita bai wuce gusar da ɗigo ba. Idan za a sauko daga babban awo zuwa ƙarami sai a ninka, idan za a hau daga ƙarami zuwa babba sai a raba: mita 2.5 santimita 250 ce, giram 750 kuma kilo 0.75 ne.

Me ya sa har yanzu muke amfani da inci da ƙafa da yadi?

Gadon mulkin mallaka ne da kuma sabo na sana'a. Najeriya ta gaji awon Ingila, ta kuma fara komawa tsarin mita a shekarun 1970, zamanin da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, aka bar fam da sule aka karɓi naira da kwabo a 1973. Kuɗi da tuƙi kowanne ya sauya dare ɗaya domin doka ta tilasta, amma harshen kasuwa bai sauya haka ba. Shi ya sa magini ɗaya zai sayi siminti buhu mai kilo 50 da rodi mai milimita 12, sannan ya nemi bulo mai inci 9 da ƙusa mai inci 3, duk a takarda ɗaya. Nijar kuwa tsarin mita ta gada daga Faransa, don haka ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi dole ya iya duka biyun. Ƙari a kan haka, motoci da na'urori da ke shigowa daga Amurka suna zuwa ne da mil da laba da Farenhait.

Yaya ake sauya inci da ƙafa da yadi zuwa mita?

Inci ɗaya santimita 2.54 ne daidai, babu ƙari babu ragi, tun yarjejeniyar da ƙasashe masu amfani da awon Ingila suka yi a 1959. Daga nan sauran suke fitowa: ƙafa ɗaya inci 12 ce, wato santimita 30.48, yadi ɗaya kuma ƙafa 3 ne, wato santimita 91.44. Idan ana son komawa daga santimita zuwa inci sai a raba da 2.54.

Inda wannan ya fi shafar aljihu shi ne wajen sayen yadi. Yadi bai kai mita ba, ya gaza da kusan santimita 9, tazarar da ta yi kusan faɗin tafin hannu, amma tana taruwa. Turmin atamfa mai yadi 6 mita 5.49 ne. Wanda tela ya ce wa ya kawo shadda mita 5, ya je Kantin Kwari ya yanko yadi 5, ya dawo da mita 4.57 kawai, wato ya rasa santimita 43, kuma wannan ya isa ya hana hannun riga fita yadda ake so. Ya kamata mai saye ya tambayi tela da mai shago wane gefen tef suke karantawa, tun da tef ɗin awo yana ɗauke da inci a fuska ɗaya da santimita a ɗaya fuskar.

Motata tana nuna mil, yaya zan san gudun da nake yi a kilomita?

Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, kuma a lissafin yau da kullum ninkawa da 1.6 ya wadatar. Unguwar Mil Tara da ke kan hanyar Katsina a Kano da kasuwar Mil 12 ta Legas suna ɗauke da wannan tsohon awo a sunayensu. Mil 9 kusan kilomita 14.5 ne, mil 12 kuma kilomita 19.3.

Ga direba, abin lura shi ne allurar da ke kan 60 a motar da aka shigo da ita daga Amurka tana nufin kusan kilomita 97 a awa, wadda ke kan 80 kuma kusan 129. Mutum zai ga lamba ƙarama ya ɗauka yana tafiya a hankali, alhali ya wuce ƙa'ida da nisa. Kilomita 100 a awa yana daidai da mil 62. Haka nan wajen sayen mota, wadda agogonta ya nuna mil 100,000 ta yi tafiyar kusan kilomita 161,000.

Filina ƙafa 50 ne a 100, murabba'in mita nawa ke nan, kuma mene ne bambancin eka da hekta?

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin awon fili tsawo ne sau faɗi, don haka dole a sauya kowane gefe daban kafin a ninka. Ƙafa 50 mita 15.24 ce, ƙafa 100 kuma mita 30.48, idan aka ninka su sai a sami murabba'in mita 464.5. Fili mai ƙafa 100 a 100 kuwa murabba'in mita 929 ne. Wasu masu yanka filaye suna taƙaita awon zuwa mita 15 a 30, wanda ya ba da 450, kuma tsakanin wannan da ainihin 50 a 100 akwai sama da murabba'in mita 14, wato girman ɗaki guda. Saboda haka a duba abin da aka rubuta a takardar safiyo, kada a tsaya kan abin da dillali ya faɗa da baki.

Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a 100, wato murabba'in mita 10,000. Eka ɗaya kuwa kusan 4,047 ce, don haka hekta ta kusa eka biyu da rabi. Kalmar kadada tana ƙara rikita lamarin, domin wani yana nufin eka da ita, wani yana nufin hekta, kuma bai kamata a ƙulla cinikin gona a kanta ba sai an fayyace. Ga manomi, illar rikita su a fili take: idan malamin gona ya ce buhu 5 na taki ga hekta ɗaya, to eka ɗaya buhu 2 take bukata, wanda kuwa ya zuba biyar ɗin a eka ya yi asarar kuɗi, yana iya ƙona shukarsa ma.

Ƙa'idar ninka kowane gefe ta shafi ƙananan awo ma. Murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba. Ɗaki mai ƙafa 12 a 12 murabba'in mita 13.4 ne, kuma zai ci tayil 84 masu santimita 40 a 40, ban da waɗanda za su fashe wajen yanka.

Laba nawa ce kilo ɗaya, kuma tan iri nawa ne?

Kilo ɗaya laba 2.2 ne, laba ɗaya kuma giram 454. Jakar matafiyi mai kilo 23 da kamfanonin jiragen sama da yawa ke amincewa da ita ita ce wadda ake kira laba 50 a Amurka. Tan na tsarin mita kilo 1,000 ne, wato buhu 20 na siminti, shi ya sa tirela mai tan 30 ke ɗaukar buhu 600. Akwai kuma tan na Amurka mai kilo 907 da tsohon tan na Ingila mai kilo 1,016, don haka mai fitar da riɗi ko citta zuwa waje ya tabbatar an rubuta wane tan ake nufi a takardar ciniki.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce? Galan kuma lita nawa ne?

Ga ruwa kawai lita ɗaya take zama kilo ɗaya. Lita awon wurin da abu ya cika ne, kilo kuwa awon nauyinsa ne, kuma abubuwa ba nauyinsu ɗaya ba. Litar man gyaɗa ta ɗan haura giram 900, litar fetur kuwa kusan giram 750 ce. Jarka mai lita 25 idan aka cika ta da ruwa za ta yi kilo 25, idan man gyaɗa ne kusan kilo 23. Tankin da ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yana cin lita 1,000, wato tan ɗaya na ruwa, lissafin da ya kamata a yi kafin a ɗora tanki a kan rufi.

Galan iri biyu ne: na Ingila lita 4.55, na Amurka lita 3.79. Robar da ake kira galan a bakin titi kuwa suna ne kawai, sai a duba litar da aka rubuta a jikinta. Gangar ɗanyen mai da ake jin farashinta a labarai galan 42 ne na Amurka, wato lita 159.

Mudu da tiya kilo nawa ne?

Babu amsa ɗaya, kuma wanda ya ba da lamba ɗaya tak bai yi wa mai tambaya adalci ba. Mudu da tiya da kwano awon cika ne irin lita, don haka dalilin da aka kawo a amsar da ta gabata ya hau kansu: tiyar shinkafa da ta gero da ta wake ba nauyinsu ɗaya ba. Ban da haka girman kwanon ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, akwai tozon da ake yi a kai, akwai hannun da mai awo ke karewa da shi, sannan hatsin kaka mai danshi ba daidai yake da wanda ya bushe a rumbu ba. Hanyar da ta fi tabbas ita ce mutum ya auna tiya biyar na hatsin da yake saye a kasuwarsu, ya ɗora a sikeli, ya raba da biyar. Wannan lamba tasa ce, ta wannan hatsi da wannan kasuwa. Sa'in zakkar fid da kai ma, wanda yake mudun Annabi huɗu, awon cika ne, shi ya sa kilon da ake ƙiyasta masa ke bambanta gwargwadon abincin da za a fitar.

Mene ne bambancin ma'aunin Selsiyas da na Farenhait?

Dukansu zafi suke aunawa, amma sun bambanta a wuri biyu: inda suka ajiye sifili, da kuma girman kowane digiri. A Selsiyas ruwa yana daskarewa a 0 yana tafasa a 100. A Farenhait yana daskarewa a 32 yana tafasa a 212. Tazarar da Selsiyas ya raba gida 100 ita Farenhait ya raba gida 180, don haka digiri ɗaya na Selsiyas digiri 1.8 ne na Farenhait.

Daniel Gabriel Fahrenheit ya fito da nasa a 1724, ya kuma ɗauki sifilinsa daga sanyin cakuɗen ƙanƙara da ruwa da wani nau'in gishiri. Anders Celsius, masanin taurari a Uppsala ta ƙasar Suwidin, ya kawo nasa a 1742, sai dai a juye yake, tafasa a 0 daskarewa a 100, bayan rasuwarsa aka daidaita shi. An daɗe ana kiransa santigired kafin a 1948 aka tsayar da sunan mai shi. A yau kusan duk duniya Selsiyas take bi, Amurka ce babbar ƙasar da ta riƙe Farenhait.

Yaya ake sauya ɗaya zuwa ɗaya?

Daga Selsiyas zuwa Farenhait, a ninka da 1.8 sannan a ƙara 32. Zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri idan ya kai 40, sai a ce 40 sau 1.8 ya ba da 72, a ƙara 32 ya zama 104. Daga Farenhait zuwa Selsiyas kuwa, a fara cire 32 sannan a raba da 1.8. Idan allon mota ya nuna 95°F, a cire 32 saura 63, a raba da 1.8 a sami 35°C.

Jerin matakan shi ne komai. Wanda ya fara raba 95 da 1.8 kafin ya cire 32 zai sami kusan 21, amsar da ke nuna sanyin safiyar hunturu a ranar da ake gumi. Wannan 32 ita ta raba zafi da sauran awo da aka yi bayani a sama: inci sifili santimita sifili ne, laba sifili kilo sifili ne, amma sifilin Selsiyas 32 ne a Farenhait, saboda haka ninkawa kaɗai ba ta isa ba. Wuri ɗaya ne ma'aunan biyu suke haɗuwa, shi ne digiri 40 ƙasa da sifili.

Akwai hanyar lissafa shi da ka ba tare da kalkuleta ba?

Akwai guda biyu. Ta farko tana ba da amsa daidai: a ninka Selsiyas biyu, a cire kashi ɗaya cikin goma na abin da aka samu, a ƙara 32. Misali 30 ya zama 60, a cire 6 saura 54, a ƙara 32 ya zama 86. Ta biyu ƙiyasi ce, wato a cire 30 daga Farenhait a raba biyu. Tana da amfani wajen fahimtar hasashen yanayi, amma kuskurenta yana girma yayin da zafi ke hawa: 100°F za ta ba da 35, alhali amsar gaskiya 37.8 ce. Ban yarda a yi amfani da ita wajen zafin jiki ko ƙyanƙyasar ƙwai ba, saboda dalilin da ke cikin amsa ta gaba.

Ma'aunin zafin jikinmu yana nuna 100.4, wannan zazzaɓi ne?

Ƙwarai kuwa. Wannan lamba Farenhait ce, kuma daidai take da 38°C, inda ake fara ƙirga zazzaɓi. Zafin jikin mai lafiya yana kusa da 37°C, wato 98.6°F, 39 kuwa 102.2 ne, 40 kuma 104. Gane wanda na'ura ke nunawa ba wuya, domin lamba mai talatin da wani abu ko arba'in Selsiyas ce, mai casa'in da wani abu ko ɗari Farenhait ce, kuma yawancin na'urorin zamani suna da maɓallin sauyawa. Jaririn da bai kai wata uku ba idan ya kai 38°C a kai shi asibiti nan take. A faɗa wa ma'aikacin lafiya lambar tare da harafin da ke gefenta.

Akwai wasu lambobi da ya dace masu sana'a su haddace. Ana ajiye yawancin alluran riga-kafi tsakanin 2°C da 8°C, wato kusan 36°F zuwa 46°F. Injin ƙyanƙyasar ƙwan kaza yana son kusan 37.5°C, wato 99.5°F, kuma kaucewar digiri ɗaya na tsawon kwanaki tana iya ɓata ƙwai. Girkin da aka ce a gasa a 350°F kuwa kusan 177°C ne, shi ya sa ake saita obin a 180.

Idan zafi ya ƙaru da digiri 10 na Selsiyas, da nawa ya ƙaru a Farenhait? Kelbin kuma fa?

Da 18 ya ƙaru, ba 50 ba. Idan ana maganar ƙari ko ragi, da 1.8 kawai ake ninkawa, ba a taɓa 32, domin tazara ake aunawa. Daga 20°C zuwa 30°C daidai yake da daga 68°F zuwa 86°F, tsakaninsu kuma 18 ne. Saboda wannan matsala ta sifili ne ma ba daidai ba ne a ce 40°C ya ninka 20°C zafi.

Kelbin shi ne ma'aunin masu kimiyya, wanda William Thomson ya gabatar a 1848. Sifilinsa yana kan sanyin da babu wanda ya fi shi, wato 273.15 ƙasa da sifilin Selsiyas, girman matakinsa kuma ɗaya ne da na Selsiyas, don haka ƙara 273.15 kawai ake yi: 27°C ya zama 300.15 K. Ba a sa masa kalmar digiri. Lambar da ake gani a kwalin ƙwan lantarki, kamar 2700K ko 6500K, launin haske take nufi, ta farko mai ruwan ɗorawa, ta biyu fari fat.

Kullum a digiri 100 ruwa yake tafasa?

A daidai da gaɓar teku ne yake tafasa a 100°C. Duk yadda ƙasa ta ƙara tudu, nauyin iska yana raguwa, ruwa kuma ya tafasa da wuri. A Jos, wadda ta haura mita 1,200 sama da teku, yana tafasa a kusan 96°C, saboda haka wanda ya gwada ma'auninsa da tafasasshen ruwa a can ya ga bai kai 100 ba, kada ya zargi na'urar.

Miligiram da mililita a jikin magani abu ɗaya ne?

A'a, kuma rikita su yana da haɗari. Miligiram, mg, nauyin sinadarin maganin ne, mililita kuwa, ml, yawan ruwan da aka narka shi a ciki ne, bambanci irin na kilo da lita da aka yi bayani a baya. Idan kwalba ta ce 120 mg a cikin 5 ml, wanda aka rubuta wa 240 mg zai sha 10 ml. Ƙaramin cokalin awo 5 ml ne, babba 15 ml, amma cokulan kicin ba su da tsayayyen girma, don haka a yi amfani da murfin awo ko sirinjin da ya zo da maganin. Abin da ake kira cc a sirinji daidai yake da ml. Maganin yara da nauyinsu a kilo ake lissafa shi, kuma yaron da sikeli mai laba ya nuna 22 kilo 10 ne. Idan aka ɗauki 22 ɗin a matsayin kilo, an ba shi fiye da ninki biyu na abin da ya kamata.

Me ya sa wasu takardu ke rubuta 2,5 wasu kuma 2.5?

Al'adar rubutu ce. A Nijar da Cadi da sauran ƙasashen da ke aiki da Faransanci, waƙafi ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, don haka 2,5 biyu da rabi ne. A Najeriya da Ghana ɗigo ne ke wannan aiki, waƙafi kuma yana raba dubbai. Lambar 1,500 za ta iya zama dubu ɗaya da ɗari biyar a Katsina, ta zama ɗaya da rabi a Damagaram. Idan takardar kaya za ta tsallaka iyaka, a rubuta adadin da kalmomi a gefen lambar.

Kuskuren sauya awo ya taɓa jawo babbar asara?

Ya sha jawowa. A watan Yulin 1983 mai ya ƙare wa wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 yana sararin sama, domin an lissafa man da laba alhali da kilo ake nufi, sai ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake bukata. Matuƙansa suka lallaɓa suka saukar da shi babu inji a wani tsohon filin jirgin soja da ke Gimli a ƙasar Kanada, ba a rasa rai ba. A watan Satumban 1999 kuma hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta rasa kumbonta da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na ma'aikata ya ba da lissafi da awon laba, ɗaya ɓangaren ya karanta shi a matsayin awon mita. A duka biyun an iya lissafi, sunan awon ne ba a tantance ba.

Lamba nawa zan bari bayan ɗigo?

Gwargwadon yadda aka yi awon farko da kuma abin da za a yi da amsar. Wanda ya auna gona da taku ya sami kusan ƙafa 200 bai da dalilin rubuta mita 60.96, ya ce kusan mita 61 ya isa. Mai walda ko mai yanka gilashin taga kuwa yana bukatar milimita, mai duba zazzaɓi yana bukatar lamba ɗaya bayan ɗigo. A bar taƙaita lamba sai a ƙarshen lissafi, domin wanda ya mayar da mita 15.24 zuwa 15 da 30.48 zuwa 30 tun farko shi ne ya rasa ɗaki guda a amsar tambayar fili. Bayan an gama, a gwada amsar da abin da ido ya sani: ƙofar ɗaki kusan mita 2 ce, ledar ruwan sha rabin lita ce, buhun siminti kilo 50 ne, jikin mai lafiya kuma 37°C.